Tsakanin Abijan da Duwala

Hoto ne ya tona mini asiri. Da ƙaramar salla maigidana ya kai ni wurin mai ɗaukar hoto a Marsel, inda yake horon aikin duwan, wato kwastan, muka tsaya ni da shi ƙiƙam, aka ɗauka, ya aika gida Garwa don iyaye su ga Faransa ba ta cinye mu ba. Mayafi na yafa har gwiwa. Amma Inna ba cikina ta duba ba, wuyana ta duba da kumatuna. Ba a jima ba sai ga wasiƙa da ajami, rubutun ƙaninta. Bayan gaisuwa magana uku ce a ciki: ta ga hoto, a turo mata 'yarta gida, kuma kada a kuskura a sa ta a jirgin sama.

Babu kalmar ciki a wasiƙar, ba kuma za a same ta ba. Mu Hausawan Garwa mun zauna da Fulani har kunyarsu ta shige mu, muka ɗora ta a kan tamu. Cikin fari ba a faɗarsa. Mace za ta yi ta yawo da shi har ya riga ta shiga ɗaki, amma bakinta ba zai furta ba, na gida kuma kowa ya kau da kai kamar bai gani ba. Idan lokaci ya matso a mayar da ita gaban uwarta ta haihu a can. Batun jirgin sama kuwa, a lokacin matan garinmu sun gama yanke masa hukunci: wai yana faɗawa ramin iska, ya jijjige duk abin da ke cikin mace ya zubar. Ni a jirgin sama na je Faransa, barci ma na yi har muka sauka, amma wa ya isa ya yi gardama da Inna daga nesa?

Maigidana mutum ne mai lissafi. A nuna masa buhunan gyaɗa a tashar ruwa, kallo ɗaya zai yi ya faɗi nauyinsu. Ranar ya zauna a bakin gado, ya kafa wa bango ido, ya ce, "Wata nawa?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Dole in sani, saboda takardar jirgi," in ji shi. Ya ɗaga yatsu huɗu. Ina leƙensa ta cikin mayafi, na yi gum. Ya ƙara ɗaya. Ni dai so nake a bar maganar nan kafin ƙasa ta tsage in shige, sai na gyaɗa kai.

Ya ce, "Biyar. To, alhamdu lillahi, akwai lokaci."

Alhali cikin ya shiga wata na bakwai. Na sani sarai, don ina ƙirga watan sama tun ranar da na fara zargi. Doguwa ce ni, siririya, cikin ya shige baya, ga rigunan sanyi. Mai lissafin buhu bai ga komai ba. Aka rubuta wata biyar a takarda, aka buga hatimi, ni kuma na ce a raina ai sati biyu da 'yan kwanaki ne a ruwa, zan isa da sauran lokaci.

Wanda aka haɗa ni da shi wani tsohon soja ne, Bafulatanin Garwa, abokin mahaifina tun suna samari, ya zo an yi masa aikin ido zai koma. Baba nake ce masa. Tun ina ƙarama in na gan shi a zaurenmu durƙusawa nake yi in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi da gudu. Wannan ne mutumin da aka ce in na ji wani abu a hanya in gaya masa.

Ni 'yar bakin Binuwai ce, ina ganin na san ruwa. Da damina muna yara mukan je tashar ruwa mu kalli manyan kwale-kwalen ƙarfe da ke hawowa daga Nijeriya da gishiri da siminti, su koma da auduga. Na sha ƙetare kogin a jirgin katako, mai tuƙi yana bugun gefensa don dorina ta kauce. Amma a Binuwai ko ya cika ya batse, kana ganin ɗaya gaɓar, kana ganin bishiyar da za ka sauka a gindinta. Ranar da jirginmu ya bar Marsel ina tsaye ina kallon maigidana yana ƙanƙancewa, sai gari ya bi shi, sai duwatsu. Da na juya ɗaya gefen don in ga inda muka nufa, babu komai. Nan na nemi hanyar ɗaki ina dafa bango.

Jirgin ya fi duk wani gini da na sani a Garwa. Turawa suna sama, da kiɗansu da kujerun shan iska. Mu muna can ƙasa, sai an sauka matakala uku, a wani ɗaki mai gado bisa gado da 'yar taga zagayayyiya wadda ruwa ke mari in iska ta taso. Abokiyar ɗakina wata 'yar Duwala ce, Kirista, 'yar kasuwa, ta kai sa'ar Inna. Madam kowa yake ce mata. Ƙatuwa, ga murya, ga dariya har da buga cinya, tana cin kifin gwangwani a kan gado tana lashe yatsu. Kallo ɗaya na yi mata na ce wannan ba ta da ta ido. Ita ma ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a tsakiya, ta ce da Faransanci, "Wata nawa, 'yar Arewa?" Na yi lekol, makarantar boko, shekara shida, na ji ta sarai. Na juya mata baya.

Da muka fita babban teku jirgin ya fara tangaɗi. Amai na yi har na rasa abin amayarwa. Warin man inji, warin miyarsu, warin giya, duk sun taru a ɗakin nan. Busasshen burodi da ruwan shayi kaɗai ke zama, su ma ba kullum ba. Ba na sanin gabas, sai Baba ya zo bakin ƙofa kowace safiya, ba ya shigowa, ya gaishe ni da Fulatanci, "Ɓingel am, jam na?" wato 'yata, lafiya? Sai ya ce, "Yau alƙibla tana wajen tagarki." Kafin in idar da salla jirgin ya karkata ta koma wani wuri. In ce masa, "Jam, Baba." Shi ke nan hirarmu.

Duk wannan wahala ce kawai. Tsoro na gaske bayan Dakar ya zo.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, sai injin ya tsaya. Kwana da kwanaki yana gurnani a ƙarƙashin gadona har na daina jinsa, da ya yi shiru sai na ji kamar zuciyata ce ta tsaya. Madam tana barci. Na lallaɓa na hau matakala in ga ko nutsewa muke yi. A bayan jirgi na hango mutane kamar goma sun yi sahu, Baba a gaba. Gabansu wani abu ne dogo a kan katako, an ɗinke shi cikin tamfol, an ɗaura ƙarfe wajen ƙafafu. Suka yi kabbara huɗu. Ma'aikatan jirgi biyu suka ɗaga kan katakon. Na saurari ƙara, ina tsammanin za ta yi girma, amma ba ta fi ta guga a rijiya ba. Ruwan ya rufe. Ko minti biyu ba a yi ba injin ya tashi, aka kaɗa ƙararrawar karin kumallo.

Baba ya gan ni a bakin matakala, hannun rigarsa a jiƙe. Ya ce wani dattijo ne da ya hau a Dakar za shi Abijan wurin 'ya'yansa, ciwo ya kama shi, kwana ya ƙare.

Ban san lokacin da na tambaya ba. "Baba, ba za a jira a kai shi ƙasa ba?"

"A nan ba a jira, 'yata. Zafi ne, ga mutane. Na ga irin wannan da yawa lokacin da aka kwashe mu yaƙi. Babba da yaro, haka ake yi."

Babba da yaro. Ya faɗa ne kawai, yana goge gilashinsa. Ni kuwa a daidai lokacin abin da ke cikina ya motsa, ya tokare ni a haƙarƙari. Na koma ɗaki na kwanta na rungume shi ta waje. Na tuna maƙabartar garinmu, yadda ake yayyafa ruwa a kan sabon kabari, a sa ƙaya don kada dabba ta tona, mutum ya san inda nasa yake ko bayan shekara ashirin. 'Ya'yan dattijon nan suna Abijan suna jira, me za a nuna musu? Tun daga ranar addu'ata ta zama guda ɗaya. In na yi sujada, in na farka, in jirgi ya yi tangaɗi: ya Allah ka kai shi ƙasa, ya Allah kada ka ba ruwan nan.

Ana gobe za mu isa Abijan, wajen magariba, bayana ya fara ciwo. Ba irin ciwon kwanciya ba. Ya zo ya ɗaure ƙugu, ya saki, ya daɗe, ya dawo. Na ce gajiya ce. Da safe muka shiga tasha, jirgi ya jingina da gaɓa, aka ce sai yamma za a tashi. Madam ta ci ado ta sauka sayayya tun da wuri. Na rage ni kaɗai da ciwon, yana zuwa yana tafiya.

Wannan yinin shi ne wanda na fi komawa cikinsa a duk tsawon rayuwata. Ta taga ina ganin ƙasa, ja, busasshiya, taku kaɗan daga inda nake. Ina ganin mata da tire a ka, da motoci, har wata farar mota mai jan gicciye ta zo ta ɗauki wani Bature da ya karye a ƙafa. Baba ya zo bakin ƙofa da hantsi.

"Ɓingel am, zan leƙa gari. Lafiya dai? Akwai abin da kike so?"

Ciwon yana kaina a lokacin. Na riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, na jira ya sake ni don kada muryata ta yi rawa. Kalma nawa ce? Baba, a kai ni asibiti. Na haɗa su a bakina, na ji nauyinsu. Sai na ga fuskarsa a zaurenmu kusa da mahaifina, na ga yadda zai sunkuyar da kai, na ji yadda za a ce a Garwa 'yar gidan wane ta buɗe baki ta gaya wa abokin ubanta naƙuda take yi.

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Lemo nake so."

Ya kawo mini lemo cike da hularsa. Da yamma aka janye matakala, ina kallo tazarar ruwa tana buɗewa tsakanina da ƙasa.

Washegari da hantsi faya ta fashe. Abin da na yi, in na faɗa wa jikokina mata yanzu, sai su riƙe baki. Na ɗauki zane na ɗaure ƙasan cikina tamau, na kwanta na harɗe ƙafafu, na cusa gefen matashi a baki. A haukata ina ganin zan iya riƙe shi har Duwala. Kwana huɗu ne kawai. An koya mana ba a kuka a haihuwar fari, na ga yayata ta haihu a bayan ɗakin Inna ko tari ba a ji ba. To ni ba kukan kaɗai zan riƙe ba, har haihuwar zan riƙe, don na san bakwaini ne, na kuma san abin da ake yi da wanda bai yi rai ba a wannan wuri.

Madam ta dawo daga cin abinci, ƙafarta ta taka jiƙa. Ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta fizge bargon. Da ta ga ɗaurin zanen sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu da yarensu.

"Tun yaushe?"

Na juya fuskata bango.

Ta kama haɓata ta juyo da fuskata. "Ke! Ba ni da lokacin kunyarku ta Arewa. Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya! Muna Abijan kina kwance kina shan lemo? Kashe kanki za ki yi, ko shi?"

Ta kwance zanen da ƙarfin tsiya, ta fita a guje ba takalmi. Ina jin muryarta tana hawa matakala tana kiran likita, duk jirgin ya ji abin da na yi wata bakwai ina ɓoyewa.

Likitan jirgin wani dattijon Bature ne. Ya duba takardata ya ce wata biyar, ya taɓa cikina ya ce ƙarya ne. Na faɗa masa gaskiya da bakina, karon farko da na faɗa wa wani ɗan Adam. Ya cire gilashi ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a hankali, "Madam, jiya muna Abijan. Asibitinsu akwai kwalbar da ake sa irin waɗannan jarirai. Ni nan ba ni da komai sai auduga."

Bayan la'asar na haihu, a durƙushe a ƙasan ɗakin, ina riƙe da wuyan Madam, jirgi yana kai mu yana dawo da mu. Ban yi kuka ba. Har yau ban san wa na burge da hakan ba. Namiji ne. Bai fi tafin hannun Madam biyu ba, ja, fatarsa har ana ganin jijiyoyi. Ya yi shiru, ya yi shiru, likita yana murza bayansa da yatsa biyu, sannan ya yi wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa.

Likita ya naɗe shi a auduga ya ce zai kai shi ɗakin magani a sama, ya kewaye shi da kwalaben ruwan zafi. Ya juya zai fita da shi. Ni da ban iya cewa uffan ba a Abijan, sai ga ni na damƙe rigar Bature ina ihu da Hausa da Faransanci a haɗe. Na ga abin a idona: zai cika a can sama ba na nan, da safe in ji inji ya tsaya. Na ce ba inda za a kai shi. Likitan ya dubi Madam, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ɗumin jikina bai gaza na kwalba ba, in sa shi a ƙirji fata da fata, kada iska ta taɓa shi.

Baba ya zo bakin ƙofa. Madam ta ɗauki yaron ta miƙa masa daga ciki, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana yi masa kiran salla a kunne. Ya raɗa masa suna. Ban taɓa faɗar sunan ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Da ya mayar da shi sai ya ce, ba da ni ba, da ƙofa, "Allah ya raya."

Ba ya iya kama nono. Madam ta nuna mini yadda zan tatsa a cokalin shayi, ita kuma ta riƙa ɗiga masa a gefen baki, ɗigo ɗaya, a jira, ɗigo ɗaya. Matar nan da na raina, ita ta wanke ni, ta wanke zannuwana, ta hana kowa leƙe. Ni kuwa aikina ɗaya: tafin hannuna a bayansa ina jin numfashi. Yakan ja, ya ja, sai ya tsaya. In ƙirga a raina, ɗaya, biyu, uku, har gabana ya yanke ya faɗi, sai ya ja kuma. Duk lokacin da sautin injin ya canja sai in ƙara ƙanƙame shi.

A kwana na biyu jirgi ya tsaya a Kwatano, amma can nesa da gaɓa, don babu wurin jingina. A cikin wani babban kwando ake saukar da fasinja da igiya zuwa ƙananan jirage, igiyar ruwa tana wasa da su. Ina hango itatuwan kwakwa da farin yashi. Na roƙi likita a sauke mu. Ya kai ni bakin taga ya nuna mini kwandon yana lilo a iska, ya ce, "A wannan? Ba zai kai ƙasa da rai ba, wataƙila ke ma." Na koma na kwanta. Ya Allah ka kai shi ƙasa. Saura kwana biyu, ka kai shi ƙasa.

Ana gobe za mu isa Duwala, bayan la'asar, ya ja numfashi ya tsaya. Na ƙirga. Na kai goma, na kai ashirin. Na ci gaba da ƙirgawa har na rasa inda nake. Hannuna yana bayansa, ban ɗaga ba. Madam tana zaune a gadonta tana gyara kayanta, tana 'yar waƙar cocinsu. Na yi inna lillahi a zuci, leɓena ko motsi bai yi ba. Na ja zane na ƙara rufe shi.

Da lokacin cokali ya yi ta matso. Na ce barci yake yi. Ta ce a tashe shi. Na ce a bar shi. Ta tsaya tana kallona, sannan ta sa hannu a hankali ƙarƙashin zanen, ta daɗe. Na kama hannun nata na riƙe, na dube ta. Ban roƙe ta da baki ba. Ta zare hannunta, ta yi alamar gicciye, ta je ta murɗa makullin ƙofa, ta dawo ta zauna a gefena ta ɗora kaina a kafaɗarta.

Da safe likita ya ƙwanƙwasa. Madam ta buɗe kaɗan, ta cika ƙofar da jikinta, ta ce masa da fara'a uwa da ɗa sun samu barci yanzun nan, wanda ya tashe su zai gamu da ita. Ya yi dariya, ya ce in mun sauka a wuce asibiti kai tsaye, ga takarda. Ina jin takunsa yana hawa matakala, ina jin sanyin yaron a ƙirjina.

Jirgi ya shiga bakin kogin Duwala a hankali, ruwan ya koma ja kamar na Binuwai da damina. Madam ta ɗaura mini shi a gaba, ta yafa mini mayafi har biyu. Matakalar sauka ta katako ce, tana lilo, tsakanin katako da katako ina ganin ruwa a ƙasa, baƙi, tsakanin jirgi da gaɓa. Wani ma'aikacin jirgi ya miƙo hannu zai karɓi jaririn don in sauka da sauƙi. Na ƙanƙame. Madam ta ture hannunsa, ta riƙe ƙuguna ta baya, muka sauka taki ɗaya-ɗaya.

Da ƙafata ta taka ƙasa na ci gaba da tafiya. Sai da na yi nisa da bakin ruwa, na kai gindin wani sito, sannan na tsaya. Baba ya iso da akwatina. Na ɗaga kai na dube shi ido da ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, ya koma. Tun jiya da la'asar."

Ya ajiye akwatin. Sannan ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa a hannuwansa biyu, ya miƙo.

Shi ya yi ta fama da ma'aikatan tasha da takardunsu, da Faransancinsa na soja. Kafin azahar Hausawan Duwala sun sallace shi, aka kai shi maƙabartarsu. Madam ta raka ni har gidan da aka sauke ni a unguwar Hausawa, ta rungume ni, ta tafi. Ban ƙara ganinta ba. Bayan kwana uku aka sa ni a jirgin sama zuwa Garwa, tunda babu sauran abin da za a kare. Kafin la'asar ina tsakar gidanmu.

Waya ta riga ni isowa. Na tarar Inna ta tara itace har ya kai rabin katanga, ta sayi sabuwar tukunyar wanka da kanwa. Ba a fasa ba, jiki ya haihu, dole a gasa shi. Washegari da sassafe ta kai ni bayan ɗaki, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambayi wata nawa ba, ba ta ambaci jirgi ba. Sai da ruwan ya kusa ƙarewa, tana bayana ba na ganin fuskarta, ta ce, "Ya samu ƙasa?"

Na ce, "Ya samu, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

Ta ci gaba da fyaɗa ganye. Ni kuma ina durƙushe cikin tururi, sai na shiga bin addu'o'in da na yi tun daga Dakar, ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na ce Allah ya raya mini shi. Na bi su har bakin matakalar Duwala ban samu ba. Baba ya roƙa masa, a bakin ƙofa. Ni uwarsa ƙasa na roƙa masa, dare da rana, ita aka ba ni. Nan kukan ya ƙwace mini, mai ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Inna ta ajiye ganyen, ba ta ce in yi shiru ba.